Motar da Ta Fi Kowace Tsafta a Garinmu

Yaya Wanda,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata gwiwar nan ta bar ki kina barci, maigidan kuma yana lafiya.

Yaya, na yi ɓarna. Kin tuna da ɗana Dale ya rasu na hana jana'izar kuka, na ce bikin tuna rayuwarsa za a yi, kowa ya sa tufa mai haske. Ran Lahadin da ta biyo baya na koma bakin ƙofar coci ina tarbar mutane da fara'a. Fasto Whitlow har ya nuna ni daga bagade, wai ga bangaskiya. Na ji daɗin yabon, ba zan ɓoye miki ba.

Abin da bai sani ba, wurin wankin mota nake zuwa in yi kukana. In na'ura ta ja motar ciki, kumfa ta rufe gilashi, sai in yi ta kururuwa har a fito da ni. Maƙwabta na ta tsokanata, wai motata ta fi cocin tsafta.

Carla, matar Dale, ta daina zuwa sujada. Jiya ta ce mini, "Mama, ke Allah ya riƙe ki. Ni ko girki nake hawaye nake, ƙila bangaskiyata ce ta banza." Ni kuwa na yi mata murmushin nan, na miƙa mata kwanon taliya! Yesu da kansa ya yi kuka a kabarin Li'azaru a gaban jama'a, ni wace ce da zan fi shi dauriya? Fara'ata ce ke korar yarinyar nan daga gaban Ubangiji, kunya ta ishe ni.

Ƙanwarki,
Lorene

Yaya Wanda,

Ina gaisuwa, na gode da addu'a.

Na je na ce wa Carla ta raka ni wankin mota. Ta leƙa ta ce ai motar ko ƙura babu. Na ce ta dai shiga. Da kumfa ta rufe mu na kira sunan Dale, kukan ya ɓalle. Ta tsaya tana kallona kamar ba ta san ni ba, sannan ta kama hannuna ta fashe ita ma. Da muka fito ba mu gama ba, muka sake bin layi.

Ta ce za ta zo ran Lahadi. Na gaya wa Fasto ya nemi wata a ƙofa, zan zauna kusa da surukata. A gaida maigidan.

Ƙanwarki,
Lorene