Cinyar Gidan Hama

Zuwa ga ɗana Abdulhakim, a Abijan.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya, Allah Ya tsare ka a ƙasar mutane, Ya sa albarka a nemanka. Mu nan Galma lafiya lau. An gama girbi, gero ya yi dama-dama, wake ne tsutsa ta taɓa. Matarka Hindatu tana ɗakina, ciki ya tsufa, ƙafa ta ɗan kumbura, amma likita a Madawa ya ce ba komai. Cin tuwo kuwa ta fi ni, kada ka damu. Allah Ya raba lafiya.

Na ɗauki alƙalami ne don kai a waya ba ka barin mutum ya kai aya. Ka ce in namiji ne a sa masa sunan kakanka, Alhassan Maiguwa, a tara mutane a faɗi tarihinsa, tunda ka ji malaman jami'a a rediyo suna cewa 'yan jam'iyyar Sawaba irinsa masu kishin talaka ne. Wallahi da na ji sai da na yi hawaye. Ubana ne fa. Na girma ana nuna ni a bakin rijiya, ana cewa ga ɗiyar kwaminis, wanda ya je ƙasar Sin ya sayar da salla ya sayo bindiga. Ƙarya ce, ni na sha zuba masa ruwan alwala. Kuma har ya rasu a kurkuku bai faɗi sunan ko ɗaya daga samarin da ya jagoranta ba.

To, ka san Hama, tsohon Bafillacen da shanunsa ke kwana a gonarmu bayan girbi suna bar mana taki. Tun kakanni, duk sunan da za a yi a gidanmu daga garkensu ake ɗauko rago, su kawo ƙwaryar nono, mu kai musu cinya. Sai na je rugarsa in zaɓi rago tun da wuri. Ya tambaye ni sunan da za a sa, na faɗa masa ina ta washe baki. Sai ya gaya mini abin da Inna ta mutu ba ta gaya mini ba. Shekarar da Baba ya ƙetaro iyaka da mutanensa, soja na bin sawunsu, a rugar Sharifu, mahaifin Hama, suka ɓuya. Sharifu bai san siyasa ba, amanar gona ya duba. Da za su tashi, Baba ya binne bindigogi ƙarƙashin turken maruƙa, bai faɗa wa mai gida ba. Soja suka zo suka tono, suka jefa Sharifu a mota, har yau iyalinsa ba su san inda kabarinsa yake ba. Daga nan suka janye shanunsu daga gonarmu. An ce kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, amma wannan karon bakin wani ya ƙone.

Sai yanzu na gane abin da ya sa Inna ke ɗaukar damin gero a ka kowace kaka ta kai rugarsu, a ƙi karɓa, ta ajiye ta juyo, har shanun suka dawo gonarmu. Ni da nake yi mata tsiya cewa ta cika son nono!

Hama bai ɗaga murya ba, da ma ya zage ni da na fi jin sauƙi. Ya ce rago zai bayar, mafi kyau a garken, don ba ya hana kowa sunan ubansa. Amma in wannan sunan ne, kada a kai masa cinya, ba za ta haɗiyu ba, shanunsa kuma zai nema musu wata gona. Tun ranar abinci ba ya yi mini daɗi. Ban ce Baba mugu ne ba, ban kuma ce Hama ya cika riƙo ba. Masu rediyo sun san Maiguwa, ba su taɓa jin sunan Sharifu ba, ni kuwa nonon gidansa na sha na girma. Ina tsoron mu ɗaga Baba da baki, mu zubar da abin da Inna ta ɗauka a ka.

Hindatu tana gaishe ka, haka baffanka Anas da ƙanwarka Raihanatu. Ka gaida mini abokinka Faruƙ da iyalinsa. Ɗa naka ne, in ka ce Alhassan za a raɗa masa, ni ma zan rangaɗa guɗa. Ragon yana nan ɗaure a tsakar gida. Amma kafin a sa masa wuƙa, ka faɗa mini inda zan kai cinyar.

Ni ce gwaggonka,
Sa'ida