Jitar Abokinka

Boɗinga,
6 ga Afrilu, 2024.

Zuwa ga Yaya Mamman,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da Yaya Safiyya da yara. Yaya ƙafar Inna? A gaya mata ta daina ɓoye ƙwayoyin maganin a ƙarƙashin tabarma, aikin asibiti nake yi, na san halin tsofaffi. Mu nan lafiya lau, sai zafin bazara da ya sa mu gaba.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Ai ku a Mandera ba a samunku sai mutum ya yi sa'a, in kuwa aka same ka, Inna tana gefe ta kasa kunne. Maganar nan ba ta gabanta ba ce, ka san yadda take da zancen kiɗa. Shi ya sa na ba direban motar Shagari ya miƙa maka hannu da hannu.

Jitar abokinka ce. Tsirkiya ɗaya ta tsinke.

Zan gaya maka abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Yau shekara biyu da wata uku da rasuwar mijina, kuma jitar tana nan a ƙusar da ya rataye ta ana gobe za mu kai shi asibiti. Ban bar kowa ya taɓa ta ba, har Uwani ƙanwarsa da muke zaune gida ɗaya. Kullum in na dawo aiki, kafin in cire mayafi, sai in sa babban yatsa in ja tsirkiyoyin nan shida daga sama zuwa ƙasa, sau ɗaya. Ban iya kiɗa ba, ka sani, ko tafi na yi sai an yi mini dariya. Amma hannunsa ne na ƙarshe da ya saita su. Wayarsa da ke da 'yan kaɗe-kaɗensa ta mutu, mai gyara ya ce ba ta tashi. Wannan sautin kaɗai ya rage mini na abin da kunnena ya saba ji daga gare shi.

Ranar Talata da rana ina tankaɗe a tsakar gida na ji ƙara daga ɗaki. Na shiga na tarar da siririyar ta can ƙasa ta tsinke da kanta, ta nannaɗe. Yanzu in na ja, sai sautin ya tsaya a hanya, kamar mutum ya fara sallama bai ƙarasa ba. Kwana huɗu ke nan ina shiga ɗakin da faɗuwar gaba.

Tare kuka koyi abin nan tun kuna kwalejin horon malamai, kai ka san kansa. Na san ka ajiye kiɗa tun ranar da aka kai shi makwancinsa, ba kuma cewa nake ka ɗauka ba. Ka dai gaya mini inda ake samun tsirkiya, da wanda zai ɗaura mini ita ba tare da ya taɓa sauran biyar ɗin ba.

A gaida kowa da kowa. Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarka,
Mansura.

Boɗinga,
21 ga Afrilu, 2024.

Yaya Mamman,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida mutan gida, da fatan Inna ta samu sauƙi. Amsarka ta iso. Layi uku, Yaya. Ko takardar magani da likita ke rubutawa ta fi ta tsawo. Duk da haka na gode, na kuma bi maganarka, na aika a kira Malam Sodangi mai gyaran rediyo na bakin tasha.

Ban taɓa sanin tsohon nan ya yi zamani yana kiɗa a Sakkwato ba. Ya zo ranar Alhamis bayan la'asar, tare da wani Nura mai tuƙa keke mai ƙafa uku, wanda aka ce shi ke kaɗa jitar lantarki a wuraren buki. Na shimfiɗa musu tabarma a zaure, na kawo jitar da hannuna, na kafa musu sharaɗi tun kafin in ajiye ta: a duba, amma kada a murɗa ko kunne ɗaya daga cikin kunnuwan nan da ake saita ta da su.

Da ka ga abin da ya biyo baya da ka yi dariya. Malam Sodangi ya ƙwanƙwasa bayanta da ɗan yatsa, ya kara kunne. Can ya ce katakon nan ya sha zafin Sakkwato har ya nuna, muryarta daga ciki take fitowa, ba irin sababbin nan masu sheƙi ba da in ka kaɗa kamar ka buga kwano. Nura ya ce shi dai bai ga abin yabo ba: wuyanta ya ɗan lanƙwashe, tsirkiyoyin sun yi nisa da katako, kafin mutum ya gama waƙa ɗaya yatsunsa sun yi kanta. Ya ƙara da cewa jitar da ba a jona ta da lasifika ba, ko a bukin mutum ashirin ba wanda zai ji ta. Malam Sodangi ya ce ai ba don buki aka yi ta ba, don mutum ya zauna shi kaɗai ne ko da wanda yake so. Nura ya ce in aka kai ta kasuwa ba mai tayawa. Tsohon ya ce gaskiya ne, don masu kunne sun ƙare, kuma duk kuɗin mutum ba ya samun irinta yanzu ko ya je Kano. Ni ina tsaye bakin ƙofa, ana ta yi da kayana kamar ba ni a wurin.

Abu ɗaya suka yarda a kai: babu tsirkiya a Boɗinga, a Sakkwato ma sai an dace. Nura ya ce shi in ta tsinke masa, wayar birkin babur yake warwarewa ya zari sili ɗaya ya ɗaura. Na ɗauka Malam Sodangi zai make shi. Daga ƙarshe an tsaya a kan cewa Nura zai yi saƙo wurin wani abokinsa da ke zuwa Ƙonni. Wai ba a sayar da guda, sai shida a ƙunshi ɗaya. Na ce a sayo shidan, a ɗaura ɗaya, sauran Nura ya riƙe.

Bayan sun tafi na daɗe a zauren. Rabon da a yi gardamar jita a gidan nan tun kuna yi kai da shi, ina kawo muku kunu yana hucewa ba ku sha ba. Na yi kewarsa ƙwarai ranar nan, kai ma na yi kewarka.

A gaida Yaya Safiyya. Na sa wa Inna man zafi a cikin ledar da na haɗo da takardar nan.

Taka,
Mansura.

Boɗinga,
9 ga Mayu, 2024.

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Ka yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa, raina a ɓace yake.

An ɓata mini ita. Jiya ina wurin aiki Nura ya kawo tsirkiyoyin. Uwani, da zuciya ɗaya, ta ɗauko masa jitar don in dawo in tarar an gama. Shi kuma ya ga tsofaffin sun yi tsatsa, sai ya kwance su duka, ya ɗaura sababbi shida, ya goge ta har da mai, ya saita ta da wayarsa. Ya zauna yana jira in zo in yi masa godiya.

Na ja yatsa sau ɗaya. Sautin ya fito sama, tsantsan, mai kaifi, ban san shi ba. Na abokinka ƙasa-ƙasa yake, yana da ɗan nauyi. Na gaya wa Nura maganganun da ban san ina da su a baki ba. Ya ce wallahi haka ake saita kowace jita a duniya. Na ce mijina ba kowa ba ne. Ya tafi ko kekensa bai iya tayarwa da kyau ba, Uwani kuma tun jiya ba ta fito daga ɗaki ba.

Da safen nan na kai wa Malam Sodangi. Ya yi ta sassautawa yana tambayata ko haka ne, ina cewa a'a, har masu rediyo suka fara taruwa. Ya mayar da ita yadda Nura ya yi, ya ce shi bai taɓa jin kiɗan marigayi ba, ba zai iya laluben abin da bai sani ba.

Saura kai kaɗai. Shekara goma sha biyar kuna zama gwiwa da gwiwa, in akwai kunnen da ya riƙe yadda yake saita ta, naka ne. Tun sadakar arba'in ba ka taka gidan nan ba. In ka zo Boɗinga a tasha kake tsayawa ka aiko mini da saƙo, kamar wadda ka yi faɗa da ita. Ban taɓa yi maka ƙorafi ba, don na san abin da kake gudu. Yau ina yi. Tun jiya nake ƙoƙarin tuno sautin a kaina, yana zille mini. Ina tsoron in ka daɗe, ko ka saita daidai ba zan gane ba.

Don Allah ka zo.

Mansura.

Boɗinga,
2 ga Yuni, 2024.

Zuwa ga Yaya Mamman,

Assalamu alaikum. Ina fata ka isa gida lafiya, ruwan jiya bai tare ku a hanya ba. Ina gaida Inna da Yaya Safiyya da yara, da fatan an fara shuka cikin sa'a. Ka tafi ba ka ci abincin ba, Uwani ta ce in gaya maka ta riƙe ka a zuciya.

Jiya ban iya yi maka magana ba, shi ya sa na biyo ka da takarda.

Da ka zauna a gindin darbejiya ka ɗora ta a cinya, ka ce sababbin tsirkiyoyi sun riga sun saki, sai an sake ɗaure su. Na kasa tsayawa in kalle ka, na koma bakin murhu na ba ka baya ina wanke shinkafa. Sai na ji ka taɓa ɗaya, ka murɗa kunnen, tana ta hawa a hankali da 'yar kukan nan tata, ta wuce, ka dawo da ita baya kaɗan, ka taɓa ta kusa da ita. Ka ji faɗuwar kwano, ka yi kamar ba ka ji ba. Na gode da wannan.

Yaya, na manta. Wallahi na manta shaf. Kullum haka yake yi kafin ya kaɗa komai. Ya dawo makaranta, ya yi la'asar, ya zauna daidai inda ka zauna, ya yi ta murɗe-murɗe ina bakin murhu ina yi masa tsiya, ina cewa gyaran ya fi kiɗan tsawo. Shekara biyu ina shiga ɗaki ina jan tsirkiya, ban taɓa tuna wannan ba ko sau ɗaya. Jiya da na ji, saura kaɗan in ɗaga murya in ce masa ya yi sauri abinci ya kusa.

Da ka gama ka ja su shida, sai ga sautin Nura. Ka ce mini abokinka bai taɓa samun wani saiti nasa na daban ba, yadda kowa ke yi haka yake yi, kuma jitar da aka rataye kullum sassautawa take yi kaɗan-kaɗan, ko ba wanda ya taɓa ta. Ka faɗa a hankali, idonka na ƙasa. Na gane abin da ba ka ƙarasa ba. Abin da na yi ta saurare ba inda hannunsa ya bar ta ba ne. Tana saki, kunnena yana binta, har ranar da aka mayar mini da ainihin nasa na ce ban san shi ba. Wannan ya yi mini ciwo fiye da yadda zan iya rubutawa.

Da safen nan na je tasha na ba Nura haƙuri a gaban abokan aikinsa. Ya ce ba komai, amma har yanzu yana nan a kan bakansa cewa wuyanta a lanƙwashe yake. Na shirya da Uwani ma.

Ka ce za ka koya mini yadda ake saita ta, ko Nura ya sa mini abin nan da yake saita ta da shi a waya, don in riƙa yi da kaina. Na ce zan yi tunani. Na yi, kuma ba na so. In ni ce ke murɗawa, na san ni ce.

Ga abin da nake roƙo. Na mayar da ita ƙusarta, ba zan taɓa kunnuwan ba. Zan bar ta ta saki. Kai kuma ranar Asabar ɗin ƙarshen kowane wata ka shigo motar Shagari ka zo. Na ga idonka jiya, na san abin da nake ɗora maka ba ƙarami ba ne. Ba sai ka kaɗa waƙa ba. Ka zo bayan la'asar, lokacin ina bakin murhu. Uwani za ta amsa sallamarka ta miƙo maka ita. Ka zauna a gindin darbejiya ka saita ta, kada ka yi sauri. Ni ba zan juyo ba sai ka gama.

Allah ya jiƙan abokinka, ya sa ya huta. Ya ba mu haƙurin rashinsa, ni da kai.

Ƙanwarka,
Mansura.