Kalkuletar Rabi

Daren Talata, Zongo

Jiya na kawo wa 'yata Rabi kalkuletar jarrabawar bak ta gama sakandare, mai manyan maɓallai irin tawa ta shago, ina ta taƙama. Ta jujjuya ta, ta ce, "Baba, wannan ai ta ciniki ce."

Yau muka koma kasuwar Dantokpa tare. Na nuna mai tsada, ta ce a ƙofar aji za a ƙwace ta, don tana ajiye amsa. Ta ɗauki wata siririya. Na ce da me wannan ta fi tawa? Ta nuna hasumiyar masallaci, ta ce, "Da ita zan faɗa maka tsawonta ban hau ba."

Ikon Allah! Na tsufa ina auna yadi da hannu, ashe na haifi mai auna abin da hannu ba ya kaiwa.