Daƙiƙa Goma Sha Huɗu na Maigida

Litinin, 6 ga Mayu, 2024

Kwana hamsin da rasuwar Maigida. Ina takaba, ba na fita. 'Yata Sahadatu ta sa mini wani abu a waya, wai manhaja, ita ta haɗa da hannunta a inda take koyon aikin kwamfuta a unguwar Kanda. Idan mutum ya yi awa ɗaya yana latsa waya, sai ta kulle sai gobe. Ta ce, "Mma, ke ce mai gwada mini." Na ce to. Ban gaya mata abin da nake yi da wayar ba.

Laraba, 8 ga Mayu

Saƙon murya na ƙarshe da Maigida ya turo mini, daƙiƙa goma sha huɗu. "Na iso kasuwar Agbogbloshie, doya ta yi tsada yau. Ki ajiye mini tuwo, kar yarinyar nan ta cinye." Sai dariyarsa. Shi nake sakawa tun safe, a kunne, ƙasa-ƙasa.

Alhamis, 9 ga Mayu

Wayar ta kulle yana tsakiyar magana. A kan "ki ajiye mini". Allo ya yi fari, ga rubutu wai in huta. Na danna, na danna. Na ɗauka ta goge shi.

Da Sahadatu ta dawo na tare ta a bakin ƙofa, ko jaka ba ta sauke ba. Na ce sau biyu za a ɗauke mini shi? Makwabta suka leƙo. Ta ce yana nan, gobe zai buɗe. Gobe! Wa ya ba ta gobe?

Asabar, 11 ga Mayu

Ba ma magana. Tana ajiye koko, yana hucewa.

Lahadi, 12 ga Mayu

Ashe abin yana ƙirgawa. Sahadatu ta ce, "Sau ɗari biyu da shida, Mma. Abu ɗaya." Na ce leƙen asirina take yi. Ta ce ita lamba kawai take gani, ba ta san mene ne ba. Sai ta ce, "Baba ne?"

Na ce e.

"Ni ma ubana ne. Ko sau ɗaya ba ki ba ni na ji ba."

Wallahi ban taɓa tunani ba. Allah Ka yafe mini.

Talata, 14 ga Mayu

Ta cire kullewar. Ta ce malaminsu zai yi faɗa, ya yi. Wai ta gane ba a ƙwace wa mai jin yunwa kwano. Yanzu idan na saka sau uku, sai manhajar ta rubuto: "Akwai wanda za ki ji da shi?" Ba ta hana ni. Tambaya kawai. Haushi take ba ni.

Juma'a, 17 ga Mayu

Na kira Sahadatu ɗaki. Na ɗora wayar a kan tabarma tsakaninmu, na ƙara murya. Da ya ce "kar yarinyar nan ta cinye" ta fashe da dariya, dariyar ta juye kuka. Ta ce, "Sharri ne, Mma, shi ke cinye nawa." Muka ci tuwo a kwano ɗaya.

Talata, 21 ga Mayu

Na yi wanki, na tsince wake. Sai bayan la'asar na tuna wayar tana ƙarƙashin matashi. Ba mantawa na yi ba. Jira nake Sahadatu ta dawo mu ji tare.