Rasuwar Alhaji Maulud Jibirilla da Kan Sarkinsa da Suka Ɓace

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Ubangiji, Ƙungiyar Direbobi 'Yan Maraɗi da Damagaram mazauna Riyad ta samu labarin rasuwar uban ƙungiya, dattijon arziki, Alhaji Maulud Jibirilla, wanda Allah Ya yi wa cikawa ranar Asabar a gidansa da ke unguwar Ulaisha, aka kuma yi masa sutura a nan birnin.

Shekara ashirin da shida Alhaji ya yi yana tuƙi a Unguwar Ofisoshin Jakadanci, kuma kaɗan ne a cikinmu waɗanda bai taɓa shiga tsakaninsu da kafili, wato ubangidan da ya ɗauki nauyinsu, ba a kan maganar iƙama, takardar izinin zama. A can ne wani tsohon maigidansa ya koya masa tara kan sarkin wasiƙa na ƙasar Ayilan, na shekarar 1922, lokacin da ƙasar ta samu gwamnatinta amma ba ta buga nata ba tukuna, sai ta riƙa buga rubutun harshenta a kan na Ingila. Alhaji ya san na baƙin tawada, ya san na ja, ya fi kuma ƙaunar waɗanda injin ya yi kuskure a kansu. Mun sha yi masa tsiya cewa ya tsufa yana kiwon takarda, shi kuwa sai ya yi murmushi ya ci gaba da juya su da hantsaki.

Dole mu faɗi laifinmu a fili. Da muke haɗa kayansa, mun ga kan sarki guda tara da rubutun ya fito a kife ko ya hau sau biyu, muka ɗauka lalatattu ne, muka ware su a ambulan, aka cusa a aljihun wata kwat mai ruwan toka, ranar sadakar uku aka raba tufafin a ƙofar masallaci. Jiya uwargidansa, Hajiya Zouera, ta nuna mana wasiyyarsa: waɗannan taran, da kuskuren bugun ya sa suka fi duka tsada, su ne gadon da ya ajiye wa 'yarsu Muhibba. Dukiyar marainiya muka bayar sadaka, kuma ba mu san hannun wa ta faɗa ba. Ranar Juma'a Hajiya da yarinyar za su bar ƙasar.

Muna roƙon Allah Ya gafarta wa Alhaji, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba Hajiya Zouera da Muhibba juriyar wannan rashi da na abin da muka ƙara musu a kai.

Jama'ar unguwannin Ulaisha da Al-Nasiriya, don girman Allah ku duba kayan da kuka karɓa. Wanda kwat ɗin ta zo hannunsa ya riƙe ta, halak malak, ambulan kawai muke nema. Ni na sa ambulan ɗin a aljihun da hannuna, kuma har yau na kasa ɗaga ido in dubi yarinyar nan. Kafin ka same mu, ɗan'uwa, kada ka wanke rigar.

Salissou Ousmane
Sakataren Yaɗa Labarai