Rashin Waƙafi Ya Mayar Da Ni Karya

Assalamu alaikum 'yan wannan guruf. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, ko da yake na ga yadda yawancinku ke rubutu a nan, ba na sa ran abin kirki, amma ba ni da inda zan kai kukan.

Ni tsohuwar malamar firamare ce a Kazaure, na yi ritaya tuni. Na fara koyarwa zamanin da kuɗin fetur suka shigo, ana buɗe makarantu a kowane ƙauye, aka tura ni wani gari kusa da Roni ina budurwa. A lokacinmu yaro bai isa ya rubuta ɗaki babu ƙugiya a kan harafin ba, ko ya haɗe "ya zo" ya zama kalma ɗaya, sai ya sake shafin gaba ɗaya. To yanzu Allah ya haɗa ni da suruka marubuciya, matar babban ɗana, irin masu buga labari da babban yatsa a waya suna turawa guruf-guruf, wasu marasa aikin yi na ce musu "sannu da ƙoƙari Anti". Shafi guda babu aya, babu waƙafi, mutum ya yi ta karatu har numfashinsa ya ƙare.

Kwanakin baya ta riƙa zuwa tana zaunar da ni in ba ta labarin koyarwata, ni kuwa na ji daɗi, na saki baki. Na ba ta labarin wani manomi da ya ƙi barin 'yarsa ta zo makaranta sai da na yi ta zarya gidansa, ranar da na je na gaya masa ita ta zo ta ɗaya a aji, ya saki fartanya don murna ya ce, "Malama, ƙarya ce!" Duk rayuwata ba na manta fuskar mutumin nan. Ashe littafi take yi da ni, sunana ma harafi ɗaya ta canza, duk wanda ya san Kazaure ya san ni ce. Wata tsohuwar ɗalibata ta turo mini shafin tana tambaya ko lafiya. Ga abin da baiwar Allah ta rubuta: "mahaifin yace malama karya ce". Ta cinye waƙafin, ta cinye ƙugiyar, ta mayar da ni macen kare a bakin mutumin da ya fi kowa girmama ni.

Na kira surukar tawa cikin mutunci na nuna mata, ta ce wai ai masu karatu sun gane, kuma wayarta ba ta da irin waɗannan haruffa. Na ce wayar tana da hoton zuciya kala goma, ƙ ce kawai ta gagare ta? Na karɓi labarin na sa aka fitar mini da shi a takarda, na zauna da jan biro, kafin in kai babi na biyu takardar ta zama kamar an yanka kaza a kai, na aika mata. Shi ke nan ta yi ta kuka, wai na raina basirarta, wai ita baiwa ce da ita, ba sai ta je aji ba. Baiwar da ba ta san bambancin ƙashi da kashi ba.

Tun ranar ta daina turo mini jikokina, su da kullum a gidana suke yini. Yanzu za a buga littafin a Kano, tana so a rubuta a bango cewa ni na duba shi, amma ba za ta gyara ko ɗigo ba, wai salonta ne. Ɗana ya zo ya durƙusa, ya ce Umma ki amince kawai a zauna lafiya, yaran suna ta tambayarki. Wallahi ina kewarsu, gidan ya yi mini shiru, jiya na dafa taliya da yawa na rasa mai ci.

Ku gaya mini, in yarda a sa sunana a kan littafin da ya zage ni don yaran su dawo, ko in tsaya a kan aikin da na yi tun ƙuruciya su girma sun manta hanyar ɗakina?