Sunan da Na Ja wa Auta

Yayata abar ƙauna,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ciwon gwiwar? Kada ki ce mini ya warke, na san halinki.

Na bar ɗalibaina da tarin takarduna na zo gida. Gaskiya ne an sako ƙaninmu Auta, amma Mama ba ta faɗa miki duka a waya ba, ni kuwa ba zan ɓoye miki ba. Masu bindigar da suka kwashe su daga coci sun tafi da gicciyen bagade. Can a daji suka yar da shi ƙasa, suna dariya, suka ce duk wanda ya taka zai koma gida. Auta ya taka. Kafinta da ɗansa mai koyar da waƙa suka ƙi. An harbe yaron a gaban uban, shi kuma Kafinta aka farfasa masa yatsu kafin a sake shi.

Auta ya rame, ya yi baƙi. Yana zaune a shagonsa gaban keken ɗinki tun safe, ƙafarsa a kan matakin, amma keken ba ya motsi. Fadan cocinmu ya zo har gida ya gaya masa cewa abin da aka yi da bindiga a ka, Allah ba ya riƙe mutum da shi, ya zo ya karɓi Tarayya Mai Tsarki, wato gurasar Jikin Ubangiji. Auta ya ƙi. Ranar Lahadi matarsa ta lallaba shi ya je, yana zama benci ya watse, kamar mai ƙyanda ne ya shigo.

Raina ya ɓaci ƙwarai, Yaya. Kin daɗe kina tsokanata cewa na tsufa cikin matattu, ina karatun Helenanci da Latin alhali ban san kuɗin gishiri ba. To ga shi matattun nan za su yi rana. A ƙarni na uku wani sarki ya tilasta wa kowa ƙona turare ga gumaka, Kirista da yawa suka ƙona don su tsira. Ikilisiya ta yi ta jayayya a kansu, a ƙarshe ta karɓe su. Littafin da nake rubutawa tun kafin in yi furfura a kansu yake. Ko da yake ni ma Fada ne, cocin ba a hannuna yake ba, don haka na roƙi Fadan cocinmu ya ba ni zauren coci in yi wa mutane bayani. Idan suka ji, za su ji kunya.

Ki sa mu a addu'a. Mama tana gaishe ki.

Ƙaninki,
Dogo

*

Yaya,

Ina gaishe ki da fatan alheri. Na ga saƙonki, kuma na gode da maganin Mama. Kin ce kada in tsaya gaban mutane da maganar Auta. Saƙon ya same ni na riga na yi.

Zauren ya cika har bakin taga. Na yi abin da na saba yi a aji. Na ɗauki alli na raba allo, na rubuta shahidai a sama, sai waɗanda suka sha azaba suka jure, sai na ƙasa. Tsofaffin takardun suna da kalma guda ta Latin don na ƙasan, na fassara musu ita na ce faɗaɗɗu. Ban ambaci Auta ba ko sau ɗaya, na ɗauka hikima nake yi. Na yi ta zuba har maƙogwarona ya bushe kafin in kai ga yadda aka karɓe su, lokacin rabin mata sun tafi ɗora girki. Aka tafa mini. Shugabar zumuntar mata ta riƙe hannuna ta ce Allah ya ƙara ilimi, ashe abin har suna gare shi.

Kafin mako ya zagayo, duk layin kasuwa sun daina cewa shagon Auta, sai shagon Faɗaɗɗe. 'Yarsa ta dawo daga makaranta tana tambayar uwarta ma'anar sunan. Matar Auta ta same ni a tsakar gida ina wanke kofi, ta ce, Fada, da can shiru kawai suke mana, ni kuwa na fi son shirun. Ba ta ɗaga murya ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na matsa wa Auta ya gaya mini abin da ke ransa. Ya ce ba laifina ba ne, sunan ya dace da shi. Ya ce ni da Fadan cocinmu muna ta cewa an yafe, an yafe, amma ko ɗayanmu bai je dajin ba, bai ji ɗan Kafinta yana rera waƙa har aka yanke masa ita ba. Na buɗe baki in kawo masa misali daga littafi, sai na ji kunyar kaina na rufe.

Ba ya cin abinci, ga zazzaɓin da ya taho da shi ya ƙi sakinsa. Tsoro nake ji, Yaya.

Ki gaida yara.

Naki,
Dogo

*

Yayata,

Salama gare ki da duk gidanki. Ina fata aikin bai yi miki yawa ba. Mu dai sai godiya.

An kwantar da Auta a asibiti, likita ya ce ƙodarsa ta gaza. Ɗakin mai gado shida ne, fanka guda, tana juyawa da ƙyar. Na ɗauko Tarayya a ƙaramin gwangwanin azurfa na rataya a wuya na kai masa. Na gaya masa ko bishop-bishop ɗin da suka fi kowa tsanani a zamanin da ba su hana mai ciwon ajali ba. Ya kawar da kai.

Ashe ya zo zauren ranar, ya tsaya daga waje, ya ji abin da sauran ba su tsaya ji ba. Na ambata cewa waɗanda suka jure azaba a kurkuku sukan ba faɗaɗɗe takardar salama, ya kai wa bishop, a karɓe shi albarkacinsu. Auta ya riƙe wannan. Ya ce idan Kafinta ya ce ya karɓa, zai karɓa. In ba haka ba, in mayar da abina. Na ce masa wannan tsohuwar al'ada ce, ba doka ba, har Ikilisiyar ma ta sha rigima a kanta. Ya ce ai ni na koyar.

Na tafi wurin Kafinta. Shagon shiru, katako jingine, garin zarto ya bushe a ƙasa. Yana zaune da hannayensa a cinya, yatsun sun warke a karkace. Ya saurare ni har na gama. Ya ce ba ya ƙin Auta, shi ya ƙera masa teburin shago. Ya ce kullum yana durƙusawa yana roƙon Allah ya cire masa abin da ke ƙirjinsa, amma duk sa'ad da ya rufe ido sai ya ga Auta yana tafiya gida, ɗansa a kwance. Ya ce ba zai faɗi da baki abin da bai kai zuci ba, ba zai yi ƙarya a kan Jikin Ubangiji ba. In ba shi lokaci.

Sai da na yi masa tsawa, Yaya, ni da rigar firist a jikina. Na ce lokacin nawa ne da zan ba shi? Na fita na bar shi yana kallon hannayensa.

Idan za ki iya samun hutu, ki taho.

Ƙaninki,
Dogo

*

Yaya,

Ina gaishe ki, ina yi miki ta'aziyya, kamar yadda ke ma za ki yi mini. Na san an kira ki. Ga abin da ban iya faɗa a waya ba.

Da yamma Auta ya daina gane mu. Na shafa masa mai mai tsarki, na karanta masa gafara, domin wannan ba ya bukatar amsarsa. Tarayya kuwa sai mutum ya buɗe baki da kansa. Na tsaya da ita a hannu ina kiran sunansa, Mama tana cewa in sa masa kawai, wa zai sani. Ban sa ba. Ya riga ya faɗi abin da yake so yana cikin hankalinsa, ba zan yi masa sata ba. Bayan ya cika na fita wurin ajiye motoci na ci Tarayyar da kaina, kamar yadda ƙa'ida ta yarda.

Washegari da safe ina share ƙofar gida don masu zuwa gaisuwa, sai ga Kafinta, ya yi aski, ya sa rigarsa ta Lahadi, maɓallan a karkace don yatsun. Bai ji labari ba. Ya ce, Fada, mu je, na shirya.

Na gaya masa. Ya ce duk da haka mu je. Na kai shi ɗakin ajiye gawa. Ya ɗaga mayafin ta ƙasa, ya riƙe ƙafafun Auta da waɗannan hannayen, ya ce masa, Auta, ka karɓa, ka karɓa mana. Ya yi ta maimaitawa har ma'aikacin ya ce za a rufe.

Masu buga littafina sun rubuto suna neman babin ƙarshe, wanda ya bayyana yadda aka sasanta komai. Na daɗe da rubuta shi, yana da tsafta, ba ko kuskure. Ba zan aika ba tukuna.

Mun ɗaga jana'iza har ki iso. Kafinta ya ce shi zai ɗauki akwatin ta gefen ƙafa. Ki zo da magani, Mama ba ta barci.

Allah ya kawo ki lafiya.

Ƙaninki da ya rage,
Dogo